Hanyar Ƙafa a Babban Kwazazzabon Amurka: Ina Masu Garka?

Duk wanda ya taɓa bin ayarin gishiri, ko kuwa ya zauna hira da waɗanda suka bi, ya san cewa a hamada da rijiyoyi ake ƙidayar hanya. Madugu ba ya faɗin kilomita nawa suka rage. Cewa yake saura kwana kaza mu sha ruwan Fashi, daga nan kwana kaza mu sauka Bilma. Hanya igiya ce da ta ɗaure wannan ruwa da wancan, ranar da ruwan ya ƙafe kuwa ta mutu, ko da sawun raƙuma na kwance bisa rairayi. Wannan sani da muka gada wurin fatake, ban taɓa ganin inda ya fito fili ba kamar a wata ƙasa mai nisa da tamu, cikin jihar Arizona ta Amurka, a gandun gwamnati da ake kira Giran Kanyon, wato babban kwazazzabo. Labarin hanyar ƙafa guda ta wannan gandu nake so in ba mai karatu, domin abin da ya same ta ishara ce ga duk mutanen da ke da dutse ko kwari wanda baƙi ke marmarin gani.

Kogin Kolorado ne ya haƙa kwazazzabon, sannu a hankali, cikin shekaru miliyon 5 ko 6 bisa lissafin masana duwatsu. Tsawonsa kilomita 446, kusan nisan Damagaram da Agadas. Faɗinsa a wani wuri ya kai kilomita 29. Zurfinsa kuwa wajen mita 1600. Ranar 26 ga Fabrairu 1919 gwamnatin Amurka ta mai da shi gandun ƙasa, a 1979 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren gadon duniya. A shekara ta 2019 kusan mutum miliyon 6 suka ziyarce shi. Mafi yawansu a baki suke tsayawa, su leƙa, su ɗauki hoto, su koma mota. Kaɗan ne ke ɗaure takalmi su gangara ciki.

A watan Oktoba na waccan shekara ina Arizona tare da wasu ma'aikatan ruwa na ƙasashe daban-daban, muna wani kwas kan tattalin ruwa a ƙasashen fari. Mu biyu ne daga Nijar: ni da wani dattijo Ba'abzine, haifaffen wajajen Iferwan, wanda ya girme ni nesa, ina ce masa Alhaji, shi kuma yana ce mini ƙanena. Da aka ba mu hutun kwana biyu, sai aka kai mu bakin kwazazzabon ta gefen kudu. Kowa na ta mamakin launin duwatsu, ja da fari da ruwan toka, shi kuwa Alhaji idonsa na can ƙasa, inda wani ɗan tsanwa ya fito a tsakiyar jan dutse. Ya nuna mini, ya ce: «Ƙanena, ka ga itatuwan can? Wannan garkar wani ce. Ba a samun kore haka a irin wannan ƙasa a rasa mutane kusa. Ina masu ita?» Babu wanda ya amsa masa a cikinmu. Washegari da asuba muka gangara mu gani.

Abu na farko da ya kamata mai sauka ya sani shi ne, kwazazzabo dutse ne a kife. Mai hawan dutse da wuya yake farawa, lokacin da ƙarfinsa ke cike, in ya gaji sai ya juyo, gangara ta kawo shi gida. Nan kuwa sauƙin ne a gaba. Mutum na gangarawa da sanyin safiya, ƙafa na gudu da kanta, bai sani ba kowane taki bashi yake ci, biya kuwa a ranar nan ne, da yamma, bisa gajiya. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin irin wannan ciniki. Hukumar gandun ta kakkafa alluna tana gargaɗi cewa hawa na cin ninki biyu na lokacin sauka, kuma kada kowa ya ɗauri niyyar isa kogi ya dawo a yini guda. Ga shi kuma zafi ƙaruwa yake da zurfi: bakin kudu na bisa mita 2100 daga doron teku, alhali kogin na wajen mita 750, inda a watannin zafi akan haura digiri 45 a inuwa. A watan Yuli, wanda ya bar sama cikin sanyin asuba, kafin azahar ya tarar da Afrilun Tawa a ƙasa.

Hanyar da muka bi sunanta Birait Enjel, ita ce mafi shahara. Faɗinta bai wuce na raƙumi da kayansa ba, tana lanƙwasawa tana komowa a jikin bango kamar maciji. Daga baki zuwa zangon da ke gefen kogi kilomita 15 ne. Garkar da Alhaji ya hango tana kilomita 7, bayan an sauka mita 900 da ɗoriya. Kafin a isa can akwai rumfunan dutse biyu, ɗaya a kilomita 2 da rabi, ɗaya kusa da kilomita 5, waɗanda samarin da gwamnati ta ɗauka aiki lokacin karayar arziki ta shekarun 1930 suka gina. Kowace na da inuwa da famfo, wanda akan buɗe daga wajen Mayu zuwa Oktoba, a rufe shi da hunturu don kada ruwa ya daskare ya fasa tiyo. Alfadarai na bin hanyar da mahayansu, in sun taho sai mai ƙafa ya manne jikin dutse ya tsaya cik har su wuce. Mai sauka kuma shi ke kauce wa mai hawa, domin numfashin mai hawa ne ke tsada.

Ba mu yi nisa ba, kusa da wata ƙofa da aka huda cikin dutse, Alhaji ya ɗaga kai ya hangi zane-zane da jar ƙasa a ƙarƙashin wani tsauni, siffofin barewa da mutanen da suka yi. Ya ce danginsu sun cika duwatsun Abzin, kuma ba a yin su sai inda mutane ke wucewa kullum. Daga nan kowace lanƙwasa na kai mutum cikin wani zamani. Dutsen da ke sama, masana sun ce tsohon ƙasan teku ne mai shekara miliyon 270. Ƙasa da shi kaɗan akwai wani farin bango miƙaƙƙe wanda asalinsa tudun rairayi ne irin na Tenere, ya sandare ya zama dutse, har yanzu ana ganin layin da iska ta shata a jikinsa.

A rumfar farko muka tarar da wata dattijuwa sanye da rigar ma'aikatan gandu, tana tare kowa da fara'a tana tambaya: ina za ka, lita nawa gare ka, me za ka ci? Aikinta ke nan. Tun 1997 hukumar ta kafa wannan tsari na tare matafiya kafin su shiga wahala, domin ta lura cewa juyo da mutum tun yana kan ƙafarsa ya fi araha bisa ɗauko shi da jirgi mai saukar ungulu. Duk da haka, hukumar ta ce sama da mutum 250 ake cetowa kowace shekara, da yawansu samari majiya ƙarfi. Gargaɗin matar ya fi ƙarfi a kan gishiri. Ta ce mai yawan zufa, in ya yi ta ɗura ruwa ba ya cin komai, gishirin jininsa sai ya tsinke, kansa ya juya, ya yi amai, har ya suma, a zaci ƙishirwa ce a ƙara masa ruwa, a ƙara masa ciwo. Alhaji ya buɗe jaka ya nuna mata gyaɗa mai gishiri da dabino, ta yi dariya ta ce mu wuce.

Ƙishirwar kanta ba ta san sabo ba. Hukumar ta daɗe tana manna hoton wata budurwa, ɗalibar likita mai shekara 24, wadda ta yi tseren kilomita 42 na birnin Boston cikin awa 3 da ƴan mintoci. A Yulin 2004 ta shiga wata hanyar gandun wadda babu famfo, da ruwa lita 1 da rabi, ba ta fito da rai ba. Gudunta ya isa, guzurinta ne bai isa ba.

Wajen ƙarfe 9 da rabi muka shiga garkar. Bayan awa 3 cikin dutse tsirara, ga manyan itatuwa, ga ciyawa, ga ƙorama na gudu. Mu ma'aikatan ruwa ba mu sha wuyar gane dalili ba. Ruwan sama da ƙanƙarar da ke narkewa a tudu suna tsiyaya ta kafofin duwatsu har su iske wani shimfiɗaɗɗen dutsen laka wanda ba ya shan ruwa, sai su ɓullo waje. Akwai kuma wata babbar tsaga da ta ratsa ƙasar tun zamanin da, ta karya bangayen nan miƙaƙƙu ta yi musu matakala. Ita ta ba da mashiga, ita kuma ke jawo ruwan wuri guda. Wato babu injiniyan da ya zaɓi inda Birait Enjel za ta bi. Namun daji da mutanen farko ne suka bi tsagar zuwa ruwa, sawunsu ya zama hanya.

Masu garkar, amsar tambayar Alhaji, wata al'umma ce daga cikin ƴan asalin ƙasar da Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Sunansu Habasupai, ma'ana mutanen shuɗin ruwa. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna noman masara da wake da kabewa da ban ruwa a ƙasan kwazazzabo lokacin zafi, in sanyi ya kama su hau tudu su yi farauta da tsintar ƴaƴan itace. A 1882 gwamnati ta tattara su a wani kwari can yamma, ta ce iyakar ƙasarsu ke nan: eka 518, wajen hekta 210, ga mutanen da a da ke yawo bisa ƙasa mai faɗin gaske. Wasu gidaje dai suka ci gaba da zama a wannan garka suna nomansu.

Sai ga wani ɗan kasuwa mai suna Ralf Kamaron. Wajen 1890 shi da abokansa suka gyara tsohuwar hanyar domin neman ma'adini, suka yi mata rajista a matsayin hanyar biyan kuɗi. Ma'adinin kirki bai samu ba, amma a 1901 jirgin ƙasa ya iso bakin kwazazzabo ɗauke da baƙi, Kamaron ya gane inda arzikin yake. Daga 1903 ya kafa ƙofa a bakin hanya, kowane mai sauka ya biya dala ɗaya, ta Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba. Ya kuma yi rajistar filayen haƙar ma'adini daidai kan mashiga da wuraren ruwa, har ruwan sha a garkar sai da kuɗi. Kamfanin jirgin ƙasa da gwamnati suka yi ta shari'a da shi shekara da shekaru. A 1920 kotun ƙoli ta soke takardunsa, amma a wannan shekara aka zaɓe shi sanata, ya tafi Washinton ya ci gaba da faɗan daga kujerar majalisa, hanyar kuma ta zauna a hannun hukumar yankin, inda yake da magoya baya.

Da hukumar gandu ta rasa yadda za ta yi, sai ta sa aka fasa dutse da nakiya daga ƙarshen 1924 zuwa 1925, aka yi sabuwar hanya, Kaibab ta Kudu, wadda babu mai karɓar kuɗi a bakinta. Ta fi gajarta, kilomita 11 zuwa zangon kogi, ta bi ta doron tsauni inda ido ke ganin ko'ina. Amma babu ruwan sha a kanta daga sama har ƙasa, inuwa ma ƙalilan ce. Hanyar manoma ta biyo ruwa, wadda rigimar takarda ta haifa kuwa ta biyo ƙishirwa. Shi ya sa shawarar da aka saba ba masu kwana a ƙasa ita ce su sauka ta sabuwa, su hawo ta tsohuwa.

A 1928 hukumar yankin ta miƙa Birait Enjel ga gwamnati. A wannan shekara kuma ma'aikatan gandu suka fitar da mutumin Habasupai na ƙarshe daga garkar, wani tsoho da Turawa ke kira Buro, wato jaki da harshen Sifaniya. Ya rasu a shekarar da ta biyo. Shekara 25 ana jayayya kan wane ne mai hanya, tsakanin ɗan kasuwa da kamfani da gwamnati, amma jayayyar ba ta taɓa zama a kan haƙƙin waɗanda kakanninsu suka tattake ta ba. Aka bar wa wurin suna Garkar Indiyawa, garka babu manomi.

Ruwan da muka cika gorunanmu da shi a famfon garkar ma ba na ƙoramar ba ne. Daga ƙetaren kogi yake zuwa, daga wata babbar maɓuɓɓuga a bangon arewa. Tsakanin 1965 da 1970 aka shimfiɗa tiyon alminiyom mai tsawon kilomita 20, ya gangaro, ya haye kogi a ƙarƙashin wata gadar ƙarfe, nauyin ruwan ya turo shi sama har garkar, daga nan injuna su hau da shi bakin kudu inda otal-otal da gidajen ma'aikata suke. Tiyon ya tsufa ana ta yi masa faci. Daga 2010 ya fashe fiye da sau 85. Sai a 2023 aka soma aikin sake shi, na dalar Amurka miliyon 208, kafin a gama kuwa, a ƙarshen Agusta 2024, ya sake fashewa wuri 4, har aka dakatar da kwanan baƙi a otal-otal na bakin kudu na wasu kwanaki. Mu da muka san yadda famfon ƙauye ke mutuwa don rashin ƙarfe guda na jika biyar, mun ga cewa ko ƙasa mai arziki, yanke ƙyallen buɗe aiki ya fi mata sauƙi bisa ware kuɗin gyara.

Ban faɗi duk wannan don in ɓata aikin gandun ba. Hanya a share take, babu shara, babu mai tare ka ya ce kawo. Kasancewar gandun ce ta ba jama'a hujjar tashi a shekarun 1960, lokacin da aka shirya gina madatsun ruwa biyu a kogin, gaba da bayansa, har aka janye shirin a 1968. An kuma gyara wani abu daga cikin zaluncin baya. A 1975 majalisar Amurka ta mayar wa Habasupai eka 185,000 na tudunsu. A Nuwamba 2022, bisa roƙonsu, aka soke tsohon sunan, wurin ya koma Garaken Habasupai, shekara 94 bayan fitar da tsohon. Sunan ya dawo, amma masara ba ta dawo ba.

Mu dai a ranar, mun yi zamanmu a inuwa har rana ta karkata, domin Alhaji ya ce bai taɓa ganin ayarin kirki na tafiya da tsakar rana ba. Hukumar ma haka take cewa lokacin zafi, daga ƙarfe 10 zuwa 4 a nemi inuwa. Hawan ya ci mana kusan awa 6, muka fito da tocila bayan isha'i. A rumfa ta ƙarshe, muna mai da numfashi, ya dube ni ya ce: «Ƙanena, mu ma muna da irin wannan a gida. Ranar da baƙi suka yi yawa, ka duba wa zai riƙe takarda.»

Maganarsa na da tushe. A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe gandun Abzin da Tenere, fiye da murabba'in kilomita 77,000. UNESCO ta karɓe shi a 1991, ta sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari a 1992 saboda tawaye. A nan an yi abin da Amurka ba ta yi ba: an bar makiyaya da masu garka a wurarensu, in ban da wani yanki na tsakiya da aka keɓe wa namun daji. A shekarun kwanciyar hankali Turawa na sauka Agadas, suna bin jagorori da ƙafa da raƙuma cikin kwaruruka, su huta a bakin tafkunan dutse, su kwana a Timiya ko Iferwan. Tawayen shekarun 1990, da na 2007, da satar mutane a Arlit a 2010 suka karya wannan kasuwa. Amma babu fitinar da ke dawwama, duwatsun kuma ba su tafi ko'ina ba.

Ranar da kasuwar ta sake ci, takardun za su bi ta teburin wasu daga cikin masu karanta wannan shafi, jarin kuma zai fito daga aljihun wasu. Ga ma'aikaci, abin da nake roƙo shi ne kada ya sa hannu a takardar da za ta ba mutum ɗaya ikon rufe mashiga ko idon ruwa, komai kyan sunan da aka ba aikin. Amurka ta yi shekara 25 kafin ta warware irin wannan sa hannu. Kada kuma a kafa famfo ko rumfa a hanya sai an rubuta inda kuɗin gyara zai fito, da ƙauyen da zai riƙe mabuɗi. Ga ɗan kasuwa kuwa, jagoran da ya san inda ruwa ke kwana a watan Mayu shi ne ainihin jarin, ya cancanci kaso cikin riba bayan ladan yini. A kuma bar wa kowane kwari da kowace rijiya sunan da mutanen wurin ke kiransu da shi, a taswira da kan allo, tun yanzu da masu garka ke cikin garkarsu.